Jar Alama a Katin Yaya

Yayata ba ta taɓa shiga jirgin sama ba sai da soja suka koma bariki, mulkin farar hula ya ɗan zauna, kuma ni ne na raka ta. A lokacin furfura ta riga ta cinye mini gemu, duk unguwarmu ta Agege Alhaji ake ce mini, amma a bakinta ban taɓa tashi daga Auta ba. Ita ta goya ni, ita ta riga ni zuwa Ikko, ita ta ba ni masauki ranar da na sauka daga jirgin ƙasa da 'yar jakata. Sana'arta tuwo. Tana da rumfa a kasuwar Mile 12, inda 'yan dako da masu sauke albasa da tumatir suke cin abincin rana. Kullum da sassafe takan hau danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Ikko, ta tafi, ta dawo da yamma ƙafafu a kumbure. Jirage kuwa ta san su sarai, domin ta saman gidanta suke wucewa in za su sauka. Ba ta taɓa ɗaga kai ta dube su da sha'awa ba. Sai dai ta dakata da magana har ƙarar ta wuce, ta yi tsaki, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

'Ya ɗaya ta rage mata a duniya, tana aure a Kano, an daɗe ba haihuwa. Shekaru suka yi ta tafiya har mutane suka daina tambaya. Da Allah ya kawo cikin, an shirya yarinyar za ta taho Agege ta haihu a gaban uwarta, sai haihuwar ta zo kafin lokacin da ake tsammani. Mijin ya yi ta buga waya shagon wani abokina mai goro, layi ya ƙi shiga. Da ya gaji sai ya ba wani direban motar albasa saƙon baka, motar kuma ta lalace a hanya. Ranar da direban ya iso rumfar Yaya ya shaida mata an samu mace, kuma sunanta za a sa wa jaririyar, ranar ce jajibirin suna.

Rana ba ta kai tsaka ba sai ga ta a ƙofar gidana, jaka ɗaya a ka, ɗaya a hannu.

"Auta, tashi ka kai ni tasha."

"Wace tasha, Yaya?"

"Ta Kano mana. Ta ina kuma?"

Ta faɗa mini labarin a tsaye. Na yi mata barka, sannan na ce mata ko yanzu babbar motar Kano ta tashi, kafin su ga Kano an raɗa suna, an raba goro, an yanka rago, maza sun watse. Ta sauke jakar ta zauna a kanta.

"Shekara da shekaru ina roƙon Allah," in ji ta, "sai a kira sunan ina cikin mota, ina gyangyaɗi tsakanin Jebba da Mokwa? A'a. Sai ina cikin gidan nan za a kira shi. Kai da ka gama yawon duniya, ai ka san abin yi."

Na ce akwai jirgin la'asar, shi ne na ƙarshe zuwa Kano a ranar.

Ta dube ni, ta dubi sama. "Waɗannan masu hana ni magana?"

"Su dai."

"To ɗauko hularka."

Kafin mu fita na sa ta zazzage jakar hannunta a tabarma. A watannin nan bincike ya tsananta a kowane filin jirgi, tun abin da ya faru da jiragen fasinja a Amurka. Na tsame 'yar wuƙarta ta yankan albasa, da reza, da almakashi, na tura su cikin babbar jaka. Na ga ƙullin kanwa na ce, "Yaya, kanwa za ki kai Kano? Ai daga can ake kawo mana." Ta ce ita ta san wadda ta zaɓa da hannunta. Ban ƙara ba.

Na daɗe ina bin filayen jirgi, tun ina fataucin goro har na koma atamfa da turare, kuma akwai wani ƙaramin aiki da nake son kallo wanda yawancin matafiya ba sa kula da shi. Bayan an ba ka katin shiga jirgi a teburin auna kaya, sai ka bi ta hannun masu bincike. Su laluba ka, su duba jakarka, su gwada sunan da ke katin da na takardar shaidarka, sannan mai binciken ya yi wa katin alama. Kowace ƙasa da irin hannunta. A Abijan hatimi ake bugawa, da ƙarfi, kamar mai binciken yana fushi da teburin. A Jidda na ga wanda yake zana 'yar da'ira ba tare da ya dubi fuskarka ba, idonsa na kan na bayanka. A Khartum wani dattijo ya tsaya ya rattaba cikakken sa hannunsa mai lanƙwasa da jela, layi na jira, shi ko a jikinsa. A Bombay har jakar hannu sai an ɗaura mata 'yar takarda an buga mata nata. A Ikko kuwa abin da ya samu: yau biro, gobe hatimi, jibi alƙalami mai kaurin baki. Na sha jin an ce da gangan ake sauyawa don kada wani ya kwaikwaya, ban dai tabbatar ba. Ma'anar ɗaya ce ko'ina. Wanda yake tsaye a ƙofar fita zuwa jirgi ba ya sake laluba kowa, alamar kawai yake nema. In ya gan ta, ya san wani ya riga ya duba ka ya ɗauki nauyinka. In bai gan ta ba, ko kai wane ne, ba ka wucewa. Wanda ya saba tafiya ba ya ko tuna cewa ana yi.

Muka ɗauki tasi zuwa filin jirgin Ikeja, ɓangaren jiragen cikin gida. Masu gadi 'yan arewa suka gaishe mu a bakin ƙofa. Allah ya taimake mu akwai kujeru. Aka auna kaya, aka ba mu kati biyu masu santsi, na miƙa wa Yaya nata. A wurin bincike layi biyu ne, na maza da na mata. Nawa wani mutum ne mai gajiya a fuska, ya laluba ni, ya ja ɗan layi da shuɗin biro a gefen katin, ya miƙo mini. Na mata akwai labule, a bayansa wata Bayarabiya mai jiki, ta kai shekarun 'yar Yaya ko ta ɗan ɗara. Yaya ta shiga, ta jima, ta fito tana gyara ɗaurin zane. Na tambaye ta yaya, ta ce lafiya lau, sai dai matar ta sa ta kwance har ƙullin goron da ke haɓar zanenta.

Muka zauna a ɗakin jira. Da lokacin salla ya yi ta tafi alwala, ni ma na tafi tawa. Na riga ta dawowa. Da ta zo na ga fuskarta a sake, har da ɗan murmushi irin na wadda ta kammala wani aiki. Ta ɓare goro ta miƙa wa matar da ke kusa da ita, suka shiga hira da Yarbanci. Yarbancin Yaya na kasuwa ne, ya fi nawa gudu da gishiri.

Aka kira jirgin Kano. A zamanin nan ba a bin lambar kujera sosai, da an kira sai kowa ya zabura. Na riƙe mata hannu muka shiga turmutsutsun. Saurayin da ke ƙofa ya karɓi katina, ya duba, ya yage gefe, ya miƙo mini. Ya karɓi na Yaya. Ya juya shi. Ya sake juyawa. Ya ɗaga shi wajen haske.

"Mama," ya ce da Turancin buroka, "ina alamarki?"

Na leƙa. Katin a jiƙe yake, fatarsa ta sama ta ɗan saluɓe, a tsakiya akwai wani dishi-dishin ja kamar an zubar da zoɓo an goge.

"Yaya, me ya sami katinki?"

"Na goge," ta ce, da ƙarfi, kamar mai ba da albishir.

"Me kika goge?"

"Jan da matar nan ta zana mini. Ka ga yadda ta gicciya shi kuwa? Layi haka, layi haka. Ni za a yi wa wannan? Ban ce mata komai ba, har godiya na yi mata. Da na je alwala na jiƙa bakin mayafina na wanke abina tas."

Nan take na gane, kuma duk wanda ya yi kasuwa a bakin titin Ikko a shekarun soja zai gane. In ana son rushe rumfuna, sai wasu ma'aikata su zo da gwangwanin jan fenti, su gicciya layi biyu a jikin katako, su wuce. Ba sa yi wa kowa bayani. Bayan 'yan kwanaki katafila ta iso. Sau ɗaya aka yi wa Yaya haka ta zuba ido, ta tsinci tukwanenta a cikin ɓaraguzai. Karo na biyu, masu fenti na juya baya ita da maƙwabtanta suka ɗauko kananzir da toka suka kankare jan, suka shafe wurin da farar ƙasa. Da katafila ta zo ta bi rumfunan da ke da ja, ta tsallake nasu. Ko dabarar ce ta yi aiki ko sa'a ce kawai, ni ban sani ba. Yaya dai ta sani. A iliminta, jan gicciye yana nufin an fitar da kai, kuma ba a gardama da mai zana shi. Sai ka yi masa godiya, ka bari ya tafi, ka goge.

Saurayin ya ce mu koma gefe. Mutane suna ta wuce mu, suna fita filin da jirgin yake. Ya kira ogansa, wani mutum dogo mai rediyon hannu, wanda bai yi kama da mai son dogon zance ba. Ogan ya dubi katin ya ce wanda ba shi da alama ma da sauƙi, wannan an yi alamar an kuma goge ta, kuma a irin wannan lokaci ba abin wasa ba ne. Ya ce mu jira jirgin gobe.

Yaya ba ta jin Turanci sosai, amma ta ji kalmar gobe. Ta kama hannun rigata.

A shekarun baya, in mai kayan sarki ya ce maka koma, komawa kake yi. Na sha tsayawa a shingen soja a hanyar Ojo hannu a sama, ban taɓa tambayar dalili ba, domin tambayar kanta laifi ce. Sabon nan bai bar jikina ba. Na ji ƙafata tana son juyawa da kanta. Amma ga hannun Yaya a rigata, kuma wannan mutumin ba bindiga ce a hannunsa ba, rediyo ce. Na ce a raina bari in gwada sabon zamanin nan da ake ta faɗa.

Ban roƙe shi ya bar ta ta wuce ba. Na san ba zai yi ba, kuma da ni ne a wurinsa ba zan yi ba. Na fara da Turanci, na ga kamar yana sa shi ƙara miƙewa, sai na koma Yarbanci. Na ce, "Oga, kana da gaskiya. Abu biyu kawai nake so. Ka ji dalilin da ya sa ta goge, sannan ka faɗa mini abin da dokarku ta ce a yi." Na ba shi labarin jan fenti da katafila a taƙaice, na faɗa masa inda za ta da abin da za a yi gobe da safe.

Ya sake duban katin, ya dubi Yaya tun daga ɗankwali har silifa.

"Kananzir da toka," ya ce a hankali. "Uwata kifi take sayarwa a Ebute Metta. Mu ta sa muka kankare jan rumfarta." Ya ɗan yi dariya ta hanci, sannan ya haɗe fuska. "Na ji, Baba. Amma ba za ta wuce ta nan da wannan ba. Wadda ta bincike ta ita za ta sake bincikenta daga farko, ta sake yin alama. Ba ni da ikon yin alamar wani."

"Jirgin fa?"

Ya nuna waje ta gilashi. A lokacin al'ada ce a jera kayan fasinja a ƙasa gindin jirgi, kowa ya nuna nasa kafin a loda, wanda ba a nuna ba a bar shi. Ban ga ana yin haka a ƙasashe da yawa ba, kuma na sha yin mita a kansa. Ranar na gode wa wanda ya ƙirƙiro shi. Ogan ya ce, "Kafin a gama nuna kaya. In an loda na ƙarshe ban gan ku ba, zan rufe ƙofa. Ba zan riƙe jirgi ba."

Na faɗa wa Yaya da Hausa. Ta ce, "A koma wurin mai jan?"

"Wurinta."

"Ta sake zanawa?"

"Yaya, in babu zanen nan, babu Kano."

Ta dube ni kamar na haɗa baki da su. Amma ta juya, muka kama hanya.

Layin mata ya yi tsawo, har ya lanƙwasa, domin an fara tara fasinjojin Abuja da na Fatakwal. Mutumin Ikko kuwa ya fi yarda ya ba ka abincinsa da ya ba ka wurinsa a layi. Na tsaya daga gefe na fara bayani cikin ladabi, da Turancin ofis. Wata mata mai tabarau da jakar takardu ta ce kowa a nan jirgi yake jira, Baba, ba wanda ya zo shan iska. Na buɗe baki zan sake gwadawa, sai na ji Yaya ta ture ni da kafaɗa.

Ta ɗaga murya irin wadda take kiran 'yan dako daga ƙarshen kasuwa. Ta gaishe su da Yarbanci, iyaye da 'ya'ya, ta yi musu sannu da tsayuwa. Ta ce ita tsohuwa ce mai tuwo, yau ta fara taka wurin nan. Ta ce 'yarta guda ɗaya ta daɗe a ɗakin miji ba ta ji kukan jariri ba, har masu zunɗe sun gaji sun daina. Yanzu Allah ya sauke ta lafiya, gobe da safe suna, kuma sunanta za a sa. Ta ɗaga jiƙaƙƙen katin sama ta ce, "Ga wautar da na yi da hannuna. Ku yi mini dariya, na yarda, amma ku bar ni in wuce."

Ba wanda ya yi dariya da farko. Wata mai ƙaton ɗaurin kai ce ta fara cewa, "E ku ewu omo," gaisuwar da Yarabawa suke yi wa wanda aka yi wa haihuwa. Sai ta kusa da ita ta amsa, sai ta gaba. Layin ya buɗe kamar an zuge labule. Mai tabarau ma ta matsa, tana cewa ai da tun farko haka aka faɗa. Wata yarinya daga baya ta ce, "Mama, ina namu naman sunan?"

"Biyo ni Kano ki ci har ki ture," in ji Yaya, ba ta ko waiwaya ba.

Ni namiji ne, iyakata bakin labule, amma labulen bai rufe duka ba kuma muryoyinsu ba ƙanana ba ne. Mai binciken ta karɓi katin da yatsa biyu.

"Mama! Aikina kika wanke?"

"Na wanke, 'yata."

"Da sabulu?"

"Da ruwan alwala. Ya fi sabulu."

Matar ta yi dariya har ta dafa bango, amma ba ta rage komai daga aikinta ba. Ta sa Yaya ta ɗaga hannu, ta bi jikinta da na'urar nan mai ƙara, ta laluba ɗankwali, ta zazzage jakar hannu. Ina tsaye ina leƙen gilashi, ina ganin tulin kayan gindin jirgi yana raguwa. Na so in ce ta yi sauri, na haɗiye. Ta ce a kwance haɓar zane.

"Goron da kika gani ɗazu ne," in ji Yaya. "Bai haihu ba."

"Kwance dai, Mama."

Ta kwance. Matar ta duba, ta ɗauko alƙalaminta mai kaurin baki, ta cire murfin. Ja ne. Yaya ta cafke mata wuyan hannu.

"Ba ki da wani launi?"

"Yau ja ne, Mama. Na kowace mace ja ne." Ta ɗage labulen ta ce wa matan da suka riga suka wuce su nuna katinsu. Suka ɗaga. Kowane da jan gicciye a tsakiya, har na wata mai sarƙar zinariya da takalmi mai tsini.

Yaya ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ashe duk rushe ku za a yi," ta ce. Wurin ya kaure da dariya, amma ba ta saki hannun ba.

Mai binciken ta rage murya. Ta ce, "Mama, ki saurare ni. Wannan hannuna ne. In na zana, cewa na yi na duba matar nan, ni na tsaya mata. In wani abu ya faru a jirgin, ba ke za a fara nema ba, ni za a nema. Ba kowa nake zana wa ba."

Wannan magana Yaya ta san ta. A kasuwa baƙo ba ya sauke kaya sai wani ɗan gari ya ce na san shi, a wuyana yake.

"Wato tsaya mini kika yi."

"Sau biyu ma yau."

Yaya ta saki hannun. Matar ta nemi gefen katin da ya bushe, ta gicciya layinta biyu, ta ƙara 'yan haruffan sunanta a ƙasa don kada na ƙofa ya yi shakka. Yaya ta karɓa da ɗan yatsa da babban yatsa, ta riƙe shi nesa da jikinta, tana hura masa iska don ya bushe. Ta sa wa matar albarka da Hausa, ta maimaita da Yarbanci, har sai da na ce, "Yaya, jirgi!"

Na san ta da ciwon gwiwa. Na san yadda take hawa danfo, ƙafa ɗaya, hutu, sannan ɗayar. Ranar ta tattare zane ta bar ni a baya. Ogan yana tsaye a ƙofa, hannunsa ɗaya a kan marfin. Saurayin ya karɓi katin, ya duba, ya nuna wa ogan, ya yage gefe. Ogan ya matsa, ya yi magana a rediyonsa.

Filin da zafi, ga iskar injin tana kaɗa mayafi. A gindin jirgin ba abin da ya rage sai jakunkunanmu, akwatina da babbar jakar Yaya mai ratsin ja da shuɗi, ma'aikata biyu na tsaye a kansu sun riƙe ƙugu. Yaya ta isa ta ɗaka wa jakar duka da tafin hannu, yadda ake yi wa buhun da aka gama ciniki.

"Tawa ce. Ku ɗaga a hankali, akwai kwano a ciki."

Matakalar jirgin ce ta ba ta wuya. A tsakiya ta tsaya, numfashi ya ƙi. Ina bayanta, nawa numfashin ma ba a hannuna yake ba. Na ce ta huta. Ta ce in ta huta ba za ta tashi ba. Ta kama ƙarfen da hannu biyu ta ƙarasa. Muna shiga aka ja ƙofa a bayanmu. Wasu fasinjoji suka harare mu, sun gaji da zama. Matar da Yaya ta ba goro a ɗakin jira ta tsare mana kujera biyu a kusa da ita, ta kuma riga ta ba rabin jirgin labari, don haka kafin mu zauna barka ta fi harara yawa.

Da jirgin ya fara gudu Yaya ta rufe ido, ta kama salati, ta danne mini hannu har sai da zobena ya shige nama. Da muka ɗaga na ce ta duba taga. Ta buɗe ido ɗaya. Rufin kwanon unguwanni ne a ƙasa, ja-ja da tsatsa, ga layin dogo ya ratsa tsakiya. Ta manna goshi da gilashin tana neman gidanta. Ba ta same shi ba. Ta ce, "Yanzu haka wata na can ƙasa ta yi shiru da maganarta saboda ni." Abin ya yi mata daɗi ƙwarai. Da aka kawo ɗan burodi da lemo ta juya burodin ta ce in wannan ne abincin masu kuɗi, gara 'yan dakonta.

Mun sauka Kano ana shirin magariba. Ba wanda ya san muna tafe. Da muka yi sallama a gidan, surukin ya fito ya tsaya baki buɗe, yana tambayar ta yaya, ai jiya-jiya yake cewa saƙon bai isa ba. Yaya ta wuce shi ta shiga ɗaki. 'Yar ta gan ta ta fashe da kuka. Yaya ba ta rungume ta ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Kukan me? Share fuskarki." Ta fita ta tsoma yatsa a ruwan wankan jego da ke kan wuta, ta ce wa ya ce wannan ya tafasa, a ƙara itace. Sai da ta ga an ƙara sannan ta dawo ta zauna a bakin gado, ta miƙe ƙafafunta masu kumburi, ta ce a miƙo mata yarinyar. Daga bakin ƙofa nake, ban ga fuskarta ba, ta sunkuya a kan jaririyar ta daɗe ba ta ɗago ba.

Washegari da safe muka zauna a ƙofar gida a kan tabarmi, maza, aka zagaya da goro da dabino. Liman ya yi addu'a, uban ya raɗa masa sunan, aka faɗa da ƙarfi, wani ya leƙa zaure ya isar wa mata. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Muryoyi da yawa ne, na 'yan mata da na maƙwabta, amma akwai ɗaya mai kauri da ta riga su farawa, kuma da sauran suka gaji suka yi shiru ita tana nan tana yi.

Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, "Wace ce wannan mai ƙarfin huhu haka?"

Na ce, "Mai sunan ce. Jiya ta zo daga Ikko."